Ƙyauren Baba Ya Ƙi Rufuwa

Zuwa ga Yayana Ƙusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda yake sa hannu a kwanonku. Allah Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ka daga zafin wutar gidan burodin da aka ce kana yi wa aiki, Ya raya maka 'ya'yanka. Mu ma a nan lafiya muke, irin lafiyar mutanen da aka yi wa rasuwa. Umma tana nan. Gwaggo tana nan da ciwon gwiwarta, da bakinta wanda bai taɓa ciwo ba ko sau ɗaya.

Na san idonka ya tsaya a kan sunan da na rubuta a sama, domin an ce mini a can babu wanda ya san ka da shi. Don Allah kada ka yaga takardar tukuna. Ba ka san ni ba. Ni ƙaninka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, an haife ni bayan tafiyarka. Kafin ni akwai mace, ita ma bayan tafiyarka aka haife ta. Ka san halin Baba na zaro wa 'ya'yansa suna daga akwatin kayan aikinsa, to bai daina ba. Ita Guduma ce, saboda nauyin hannunta, ƙeyata shaida ce. Ni kuwa Zarto, wai bakina ba ya hutawa, gaba da baya, kuma duk inda na wuce sai an yi shara. Karatuna na allo ne, sauran rubutun a jikin katako na koye shi, don haka in ka ga layi ya karkace ka ɗauka mutum ne yake maka magana, ba takarda ba.

Gara in faɗa maka halina da bakina kafin wani ya riga ni. In ka tambayi layinmu wane ne Zarto, za a ce maka kada ka yarda da shi ko gaishe ka ya yi. Bayan aikin kafinta, sana'ata ta biyu kwaikwayon murya. Ina yin ɗan akuyar maƙwabta har uwarsa ta amsa. Ina yin malaminmu har yara su watse daga wasa su rarumo alluna. Amma inda na fi ƙwarewa shi ne Baba. Ka tuna gyaran muryarsa, na farko gajere, na biyu kamar ana jan benci a kan siminti? Na taɓa yin shi daga bayan ƙyaure lokacin da wani saurayi yake tsaye yana tsara Guduma. Takalminsa ɗaya yana nan har yau, da shi muke tokare taga. Da labari ya kai wa Baba, ya kira ni ya ce in yi a gabansa. Na yi. Ya juya mini baya yana neman abin da bai ɓace ba, kafaɗunsa suna rawa, can ya ce in na sake zai goge mini baki da sanfefa. Na ba ka wannan labarin ne don ka san wanda yake maka magana, kuma ka san cewa a duk abin da zai biyo baya babu wasa ko ɗaya, duk da cewa ni na rubuta.

Gwaggo ta ce ta faɗa maka rasuwar Baba a waya, ka kashe, tun daga nan ba ka sake ɗauka ba. Ban ga laifinka ba. Amma ya kamata ka san yadda ta kasance, tunda ni kaɗai nake wurin. Da hantsi ne, muna shago. Ya gama haɗa wata kujera mai hannu, ka san kuwa ba ya barin kujera ta fita sai ya zauna ya jijjiga ta ya ji ko za ta yi ƙara. Ya zauna, ya jijjiga, ya ce mini ƙafar baya ta hagu tana da magana. Na durƙusa ina dubawa, ina ce masa ƙafa ba ta da laifi, nauyin mai zama ne. Sai ban ji ya zage ni ba. Da na ɗago, fensirinsa yana bayan kunne, hannayensa a kan hannun kujera, kamar mai jiran a kawo masa shayi. Bai sha wahala ba, Yaya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Mai kujerar ya zo karɓa, na ce masa ban gama ba. Ya sake zuwa, na ce ban gama ba. Yanzu ya gane, ya daina zuwa.

To, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami maganar ƙofa ce. Umma ta ce ƙyauren gidanmu shi ne dai wanda ka bari, don haka ka san halinsa. Ya ɗan sauka gefe guda, ɗan ƙarfen ba ya faɗawa raminsa sai ka sa kan ƙafa ka ɗaga shi, ka ja, ka ji ya ce ƙas. In ba ka ji ƙas ba, rufewar ƙarya ce, ko kyanwa ta jingina zai buɗe. Baƙo bai taɓa rufe mana ƙofa daidai ba. Mutumin da ya gyara ƙofofin rabin gari, ga ƙyauren gidansa kamar mai ciwon kafaɗa. Da na fara jin ni ma kafinta ne, na ɗauko kayan aiki zan daidaita shi, aikin da bai kai shan shayi ba. Baba ya fito ya riƙe mini hannu, bai ɗaga murya ba, ya ce in taɓa komai a gidan nan ban da wannan.

Kuma shi kaɗai yake rufe shi da yamma. Tun da na yi wayo, in ya dawo daga sallar magariba sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan ƙyaure, ya gyara murya, ya ce kowa ya shigo? Umma kuma daga duk inda take, ko tana gaban murhu ko tana kan darduma, sai ta ce saura ɗaya. Sai ya ɗan dakata, ya leƙa titi hagu da dama, sannan ya sa ƙafa ya ɗaga, ƙas. Mu a tunaninmu da ni ake, tunda ni ne mai yawo. Ranar da nake zaune a gaban Umma kuma ta faɗa, na ce mata ga ni fa, Guduma ta ce ai jikina ne ya shigo, hankalina yana waje. Aka yi dariya, maganar ta zauna a haka. Har maƙwabta in sun gan ni sai su tambaye ni ko sauran ya dawo. Ni kaina nakan taya Umma amsawa. Shekara da shekaru ina wasa da sunanka ban sani ba.

Ranar da muka kai Baba, da masu ta'aziyya suka ragu, na je rufe ƙofa. Na sa ƙafa na ɗaga na ja. Ƙyaure ya taho, da ya rage kamar faɗin tafin hannu sai ya tsaya. Na duba ƙasa, babu dutse, babu tsumma. Na sake. Ya sake tsayawa a daidai wurin. Ba irin tsayawar katakon da ya sha ruwa ya kumbura ba ce, wannan na san ta. Wannan kamar mutum ne ya sa hannu ya riƙe, a hankali, irin riƙon wanda yake cewa dakata tukuna. Ka san wanda aka fara kamawa. Guduma ta ja kunnena har cikin ɗaki, ta ce ko a ranar mutuwar ubana ba zan bar iskanci ba. Na rantse, rantsuwata kuwa ta daɗe da faɗuwa a kasuwa. Washegari na cire shi na aske gefensa na mayar, bai canza ba. Abokin Baba, wani tsohon kafinta da suka koyi aiki tare, ya zo da tabaraunsa ya auna ya sake aunawa, ya ce bisa awo ƙyauren nan har ya yi wa ƙofar kaɗan. Ya kawo sabo daga shagonsa muka sa. Sabon ma ya taho ya tsaya a faɗin tafin hannu. Tsohon ya cire tabarau, ya ce mu mayar da na mai gida, ya tattara kayansa, a bakin ƙofa ya ce wa iska sai an jima, Malam.

Haka muka zauna, gida a buɗe. Sauron unguwa duk ya dawo gidanmu da zama, ɗan akuyar maƙwabta yana shigowa ba sallama kamar ya biya haya. Guduma ta tura gangar ruwa ta tokare ƙyauren, da safe muka tarar da gangar a jikin bango, a ajiye tsaf, ko ɗigo bai zube ba, murfinta ma an gyara masa zama. Wannan ajiyar Baba ce, ni dai ban taɓa ajiye abu haka ba, kuma a nan ne Guduma ta daina zargina. Abin mamaki, ba mu ji tsoro ba. Ɓarawo bai shigo ba, ko tsinke bai ɓace ba. Abin da ya tsorata ni Umma ce. Ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa kusa da ƙofa, ta zauna tana kallon wannan 'yar tsagar. In an kawo abinci ta taɓa ta ture. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Na yi mata akuya, na yi mata malam, na yi mata mai tallan kifi, ko gefen bakinta bai motsa ba. Muryar Baba kaɗai ce ban yi ba, domin tun ranar kujera na yi wa kaina alkawarin na bar ta.

Wata yamma Gwaggo ta zo, suna zaune su biyu a kan tabarmar suna tsince wake, kamar yadda suka saba tun kafin a haife ni. Na dawo daga masallaci, zan raɓa in wuce, Umma ta riƙe bakin rigata. Ta ce Zarto, yi mini Babanka. Na ce mata na manta yadda ake yi. Ta ce ƙarya ta fi yi mini kyau in ina dariya, in tashi in tsaya inda yake tsayawa. Gwaggo ta ce wa Umma ta bar yaro, wannan wane irin famin rauni ne. Umma ba ta ko kalle ta ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na ɗora hannu a kan ƙyaure, katakon da ɗumi kamar wani ya ɗauke hannunsa yanzu. Na gyara murya, gajere, sannan jan benci. Niyyata in ce kowa ya shigo, kalmomin ma suna kan harshena. Amma abin da ya fito daban ne. Muryar ta ce Ƙusa ya shigo? Yaya, ni na san muryar Baba ta faɗa, da ta ciniki, da ta karatu, da ta zolaya, duk na iya su. Wannan ban taɓa jin ta ba balle in kwaikwaya. Murya ce ta mutumin da ya gaji da tsayuwa.

Guduma ta taso da hannu a sama, a zatonta ƙusar katako nake nufi, wani sabon shaƙiyanci ne. Umma ta ce ta zauna. Sannan ta dubi ƙyauren, ba ni ba, ta ce bai shigo ba, Malam, amma yau zan faɗa. A nan, da tiren wake a cinyarta, ta gaya mana muna da wa. Ta ce kai siriri ne miƙaƙƙe, shi ya sa sunan. Ta ce akwai wata kuma bayanka, 'yar ƙarama mai fara gudu, wadda Baba ya sa wa Gam saboda yadda take manne maka, ko wanka za ka shiga sai an ɓamɓare ta daga ƙafarka. Ba sai na ba ka labarin ranar ba, kai ka fi ni saninta. Ta farka ba ta gan ka ba, ta tura ƙyaure ya buɗe, ta fita titi nemanka, mota ta zo. Kowa ya san kai ne ka fita ƙarshe. Kuma ka san abin da Baba ya faɗa maka a gaban mutane, ba zan maimaita shi a takarda ba. Umma ta ce da aka dawo daga kai ta, an neme ka ba a gan ka ba.

Yanzu ka zauna in kana tsaye, domin akwai rabin da ba ka sani ba. Ba kai ne ka fita ƙarshe ba. Bayan ka tafi, Baba ya dawo daga shago da sauri, ya manta tef ɗin awonsa a kan tagar da ke kusa da ƙofa. Umma tana bayan gida tana wanki, ba ta gan shi ba, shi ma bai shiga ciki ba. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ga katako a kafaɗarsa, ya ja ƙyaure da hannu ɗaya ya wuce. Bai sa ƙafa ba. Tashin hankalin ranar ya shafe masa wannan daga kai, sai bayan kwanaki da ya sa hannu a aljihun rigar da ya sa ranar ya taɓo tef ɗin. Umma ta ce a tsakar ɗaki ya zube. Ya ce mata ya tuna sarai, da ya zo sai da ya murɗa ya sa kafaɗa kafin ƙyauren ya buɗe, a rufe ya same shi ruf. Ka rufe ƙofar, Yaya. Ka rufe ta daidai, yadda aka koya maka. Na rubuta wannan layin na karanta wa Umma, ta ce in sake rubutawa ko ido zai tsallake, to ga shi: ba kai ba ne.

Ya neme ka. Ta ce tashar mota babu wadda bai taka ba, har aka san shi, ana ce masa mai cigiya. Amma gaskiyar bai faɗa wa kowa ba sai ita, kuma ya roƙe ta ta riƙe. Wai maganar taka ce, a gaban mutane ya ɗora maka, ba zai ba wani ita ba kafin ya ba ka a hannunka. Ita kuma ta ce tana da nata laifin, domin ranar daga wurin wanki ta ji ƙas ɗinka, amma da mijinta ya yi magana sai ta ƙaryata kunnenta ta yi shiru. Ba zan ce maka Baba ya kyauta ba. Na kwana biyu ina jin haushinsa, na je shago na tsaya a gaban kujerar na faɗa mata maganganun da ban taɓa faɗa masa ba. Wane irin taurin kai ne mutum ya tsaya a bakin ƙofa kullum yana tambaya, ga ƙanwarsa tana shigowa gidan tana fita, bai buɗe baki ya ce mata ni ne ba?

Domin ka ga, Gwaggo tana zaune tana ji. Ban taɓa ganin bakinta a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Can ta ture tiren wake ya watse, ta fara zagin Baba tana kuka, ta ce masa busasshen katako, ta ce masa mai kan guduma, Guduma ta ce a cire sunanta a ciki. Ta ce ita duk zamanin nan ta ɗauka bai huce ba, tunda ko sunanka ba a ambata a gidan, shi ya sa ta ɓoye ka. Ashe wurinta ka gudu, ita ta sa ka a mota, kuma ka sa ta rantse ba za ta faɗa wa uwarka ko ubanka inda kake ba. Ka duba fa, Yaya. Mata biyu a tabarma ɗaya, gwiwa tana taɓa gwiwa, wannan tana riƙe da gaskiyar, waccan tana riƙe da adireshin, suna tsince wake suna zagin tsadar mai. Umma ta kama hannunta ta ce ta faɗa mata inda kake. Gwaggo ta ce ta rantse, ba za ta ci rantsuwa da furfura a kanta ba. Ta share hawaye, sai ta juyo ta ƙare mini kallo, ta ce amma wannan marar kunyar ba a haife shi ba lokacin da aka yi rantsuwar. Ta ja ni gefe ta raɗa mini a kunne da ƙarfin da har maƙwabta sun ji. Don haka kada ka riƙe ta, a wurinta dai ba ta karya komai ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni wahalar rubutawa. A daidai lokacin da muryar ta tambaye ka, na ji wata magana ta biyo bayanta, ta taso daga ƙirjina ta zo maƙogwaro ta tsaya. Tana nan har yanzu. Ba ta hana ni ci, ba ta hana ni karatu, amma ina jin ta kamar lomar da ba ta wuce ba. Na shiga shago na rufe na yi ta gyaran murya, ba ta fito ba. Na gwada a gaban Umma, ba ta fito ba. Na ɗauki alƙalami na ce ko ta hannu za ta bi, alƙalami ya tsaya. Ban san abin da ke cikinta ba, na dai san gajeriya ce, kuma tana da nauyi. In wani ya tsaya a ƙofar gida sai in ji ta motsa, in aka yi sallama aka ji baƙuwar murya sai ta koma ta kwanta. Kuma tun da ta zauna, sauran muryoyin sun gudu. Na yi ɗan akuya, uwarsa ko ɗago kai ba ta yi ba. Layinmu ya samu lafiya, saurayin Guduma na yanzu yana tsayawa har ya gaji da takalmansa biyu. Umma ta ce ba wani abin mamaki ba ne, ajiya ce aka ba ni, ubana ya rasa wanda zai ba sai mai bakin da ya fi kowa yoyo, don ya tabbata ba za ta kwana a ciki har abada ba.

Ban san yadda mutum yake ji ba in ya ɗauki abu tun yana yaro, ya girma da shi, ya yi aure da shi, sannan wani ɗan iska da bai taɓa gani ba ya aiko masa takarda ya ce sauke, ba naka ba ne. Wataƙila ka ji sanyi, wataƙila ka ji wutar da ta fi ta gidan burodi. Duk wanda ka ji, haƙƙinka ne. Umma ta ce kada in roƙe ka ka yafe wa kowa, ba ta aike ni wannan ba. Ta ce in ce maka ta ji ƙas ɗinka ranar, kuma tana so ta faɗa maka haka da bakinta tana kallon fuskarka. Tun da na fara wannan takarda ta fara cin abinci, jiya har ta ce gishiri ya yi yawa, Guduma ta shiga ɗaki ta yi kukan murna. Amma tabarmarta tana nan a bakin ƙofa, sanyi kuma ya fara shigowa ta tsagar, tana tari. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tsince albasa daga cikin abinci, don ta san yadda za ta yi girki.

Ni kuma ga tawa. Wannan ajiyar ba zan mutu da ita ba, wanda ya ba ni ya riga ya gwada hakan. In za ka iya zuwa, ka zo, gidan bai motsa ba, kuma ba sai ka ƙwanƙwasa ba. In ƙafarka ba za ta iya taka titin nan ba, na fahimta, ka faɗa wa direban da ya kawo maka takardar nan, ni zan hau mota in zo in tsaya a ƙofar gidan burodinku in sauke maka. In ka yi shiru ma zan zo, gara ka sani tun yanzu, an sha korata daga wuraren da suka fi naka tsaro. Abin da nake roƙo kawai, ranar da za ta fito, ka rufe ido. Fuskata ba ta dace da maganar kirki ba, kowa ya shaida. Ka rufe ido ka saurari ubanka, in ya gama ka buɗe, sai mu gaisa.

Ka gaida matarka, ka ce mata tana da ƙanin miji kuma ina ba ta haƙuri tun kafin mu haɗu. Ka shafa mini kan 'yan matanka biyu, ka faɗa musu suna da kaka mai jiran ganinsu, da baffa wanda zai yi musu akuya da zarar maƙogwaronsa ya samu hanya. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka ɗauki waya ko don ka zage ta. Guduma tana gaishe ka, ta ce tun da take ba ta taɓa samun wanda za ta kai ƙarata wurinsa ba, ta tara maka da yawa. Umma ba ta ba da gaisuwa ba, ta ce tata ba ta shiga takarda. Allah Ya jiƙan Baba da 'yar uwarmu Gam, Ya sanyaya maka zuciya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka mai riƙe maka da ajiya,
Zarto